Mai Rubuta Manhaja a Kudancin Katsina: Aikin Kuɗi da Aikin Sha'awa

A duk taron da aka tara matasa a Katsina ko Kano don a kwaɗaita musu fasahar zamani, da wuya a tashi ba a faɗi wata magana ba: wai rubuta manhaja sana'a ce da ba ta tambayar garinku. In kana da kwamfuta da data, ofishinka yana cikin jakarka, kana zaune a ɗakinka kamfanin Amurka zai riƙa biyanka da dala. Maganar ba ƙarya ba ce, akwai masu rayuwa haka a Legas da Abuja, har da Kaduna da Kano. Sai dai an riga an gwada ta a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, gwajin da babu mai fatan a maimaita.

A watan Satumba na 2021, kwanaki kaɗan bayan an rufe layukan sadarwa a Zamfara, aka kashe sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina. Waɗannan ukun suna ciki, haka ma Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ɗandume, wato garuruwan da mutum zai ce bari ya ruga can ya nemi sabis. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta ce manufarta a yanke hulɗar ɓarayin daji da infomominsu na cikin gari. A tsukin nan ne kuma aka hana sayar da fetur a jarka, aka hana sana'ar cajin waya a wurare da yawa, aka rufe wa motocin haya hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme. Manomi ya ji a jikinsa, ɗan kasuwa ya ji, mai POS ya kulle rumfa. Shi kuwa mai rubuta manhaja, da sabis yake zuwa wurin aiki, da jarkar fetur yake samun wuta, ga shi an ɗauke masa duka biyun a lokaci guda. Sai a watan Disamba aka fara maido da layukan. Babu kamfanin da zai ajiye wa ma'aikaci kujera wata uku don an kashe ƙarfen sabis a garinsu. Duk wanda ke da aiki a hannu, ko dai ya tattara ya koma Zariya ko Kano ko birnin Katsina, ko ya haƙura da aikin.

Ba hukunci nake yanke wa wancan mataki ba. Mutanen da ake bi har gida ana kashewa suna da haƙƙin a gwada duk abin da ake jin zai kawo sauƙi. Abin da watannin nan suka fito da shi fili shi ne sana'ar tana tsaye a kan abubuwan da mai ita bai da iko da su ko kaɗan. Kuma kafin a fahimci yawan abin da ake rasawa, sai an san yadda aikin yake a zahiri.

Da yawa suna zaton buga haruffa ne da sauri a kan baƙin allo, kamar yadda ake nunawa a fim. Rubutun ƙaramin kaso ne. Mafi yawan yinin mai manhaja yana tafiya ne a karatu: karanta abin da wani ya rubuta shekara biyu da suka wuce ya bar kamfanin, karanta abin da shi kansa ya rubuta watan jiya ya manta dalili, karanta saƙon kuskure da kwamfuta ta jefo masa. A ɗauki misalin manhajar biyan kuɗin makaranta. Uba ya biya, banki ya cire masa kuɗi, amma a wurin bursa sunan yaro yana nan cikin masu bashi. Ba kullum abin yake faruwa ba, sai jefi-jefi, kuma wannan ne ya fi ban haushi. Mai manhaja zai bi sawun kuɗin tun daga wayar uban, zuwa kamfanin da ke tsakani, zuwa sabar makarantar. Wataƙila saƙon tabbatarwa ya iso lokacin da sabar ta cika. Wataƙila sabis ya yanke a tsakiya, uban ya sake dannawa, saƙo biyu suka iso a daƙiƙa ɗaya, na biyu ya goge na farko. Sai ya yi kwana biyu yana nema, gyaran kuma bai wuce layi uku ba. Ranar da ya gano, zai fi wanda ya ci gasa murna, kuma babu wanda zai iya yi wa bayani a gida.

Irin wannan bincike yana buƙatar mutum ya riƙe abubuwa bakwai ko takwas a ka lokaci guda. Kamar mai ƙirga kuɗi ne, in aka yi masa sallama a tsakiya sai ya koma daga fari. Shi ya sa abin da ya fi tsada a sana'ar shi ne awa uku ko huɗu a jere ba tare da an taɓa mutum ba. A gidan gandu, inda ake aiken duk wanda aka gani a zaune, wannan abu ne mai wuyar samu ko da lafiya lau ake. Uwa ta leƙo ta ga ɗanta ya zuba wa allo ido bai motsa ba, a wurinta ba ya komai. "Tunda kana zaune, tashi ka kai wa Baffanka saƙon nan." Ba zai ce mata aiki yake ba, domin a garin da aiki yake nufin gumi, maganar za ta yi kama da raini. Shi ya sa yawancinsu suka zama mutanen dare. To dare kuma, a ƙauyukan da ke bakin dajin da ya haɗa Katsina da Zamfara da Kaduna, lokaci ne na kasa kunne. Wanda rabin hankalinsa yana kan ƙarar babura ba zai riƙe abu takwas a ka ba.

Akwai ɓangaren aikin da ba ya buƙatar intanet. Git, manhajar da masu sana'ar ke adana tarihin rubutunsu da ita, wadda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005, an gina ta yadda mutum zai yi aikinsa duka a kwamfutarsa, sai ya samu sabis ya tura. Amma sauran kayan aikin ba su da wannan kara. Kusan babu manhajar zamani da ake rubutawa daga tushe. Ana ɗora ta ne a kan ɗaruruwan ƙananan manhajoji na wasu, kuma sai an sauko da su. Android Studio kaɗai, kayan haɗa manhajar waya, ya haura gigabait guda kafin a zo ga sauran tarkacensa. Ga taron safe da kamfanoni da yawa ke yi kullum ta bidiyo, inda kowa zai faɗi abin da ya yi jiya da abin da zai yi yau. Muryarka ta yanke sau ɗaya, a yi dariya. Ta yanke sati guda a jere, sai a fara neman wani.

Wuta kuwa labarinta sananne ne, ba sai an ja ba. KEDCO ce ke raba ta a Kano da Katsina da Jigawa, kuma tsarin da aka shigo da shi na fifita layukan da ke biyan kuɗi mai yawa bai yi wa ƙananan garuruwa alkawarin komai ba. A watan Oktoba na 2024 mafi yawan Arewa ta yi fiye da mako guda a duhu, bayan an lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna a dajin da ma'aikata suka kasa shiga gyara saboda 'yan bindiga, sannan layin da ya rage ya faɗi. Laftof ba ta cin wuta sosai, cajarta ba ta cika wuce wat 65 ba, don haka faifan sola ɗaya ko biyu da batir mai kyau sun isa. Matsalar ita ce kuɗin farko. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, janareta ya zama abin kunnawa da lissafi. Dala kuma ta tashi daga wajen naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 cikin watanni. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari.

Faɗuwar naira ta raba masu sana'ar gida biyu, kuma rabon bai yi adalci ba. Wanda ake biya da dala ya wayi gari albashinsa ya ninka sau uku yana zaune. Wanda ake biya da naira ya wayi gari laftof da batir da hayar saba, waɗanda duk da dala ake lissafinsu, sun ninka sau uku albashinsa yana nan inda yake. Mai koyo, wanda ba a biyansa da komai tukuna, shi ne ya fi shiga uku.

To wa ke biya? A yankin, kwastoman farko shi ne mai makarantar kuɗi da ke son a daina rubuta sakamakon jarrabawa da hannu, sai mai kemis, sai mai shagon kayan gona, sai ɗan siyasa da ke son shafi kafin zaɓe. Cinikin yana da nasa salo. "Injiniya, ai abu ne na danne-danne, nawa za ka ce?" A faɗi farashi, Alhaji ya riƙe baki: "Haba ɗana, ko bulo ɗaya ba za ka saya ba fa." A yi ragi saboda ana jin nauyi, a biya rabi, sauran sai bayan girbi. Abin da ba a saka a ciniki ba shi ne manhaja ba ta ƙarewa. Shekara uku bayan an gama, waya za ta yi ƙara ranar Sallah: "Abin nan naka ya ƙi buɗewa." Daga ranar da ka karɓi kuɗin, kai ne mai gyaran firinta, kai ne mai dawo da Facebook ɗin uwargida da aka yi wa kutse. Ban ga laifin Alhaji sosai ba. Mutumin da ya saba sayen abin da zai taɓa da hannu, ba a rana ɗaya zai yarda cewa tunani ma haja ne ba.

Mataki na biyu shi ne kamfanonin cikin gida da ƙungiyoyin agaji. Kano tana da eHealth Africa, wadda ta yi suna wajen haɗa taswira da manhajojin da aka yi amfani da su a yaƙi da shan inna. Akwai FlexiSAF mai manhajojin makarantu, akwai bankunan waya irin su Moniepoint da OPay da suka cika kasuwanninmu tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023. Waɗannan suna biyan albashi a kan kari, amma yawanci suna son ganin fuskarka a Kano ko Abuja ko Legas.

Mataki na uku shi ne wanda ake yi wa matasa talla da shi: aikin ƙasar waje, ta Upwork ko ta kamfani kai tsaye. Andela, wadda aka kafa a Legas a 2014, ita ta fara nuna wa duniya cewa ɗan Najeriya zai iya, sayen Paystack da Stripe ya yi a 2020 a kan fiye da dala miliyan 200 kuma ya sa iyaye da yawa suka daina yi wa sana'ar kallon wasan yara. Amma dalar tana da nata haraji, kuma da lokaci ake biyansa. In kamfanin na Turai ne da sauƙi, bambancin bai wuce awa ɗaya ko biyu ba. In na New York ne, safiyarsu ita ce azahar ɗinka, tashinsu daga aiki ƙarfe goma ko sha ɗayan darenka. In na Kalifoniya ne, kana fara aiki ana shirin kiran magariba, kana gamawa ƙarfe ɗaya ko biyun dare. Juma'a ranar aiki ce cikakkiya. Da azumi, taro yakan faɗo daidai lokacin shan ruwa. Majalisar bayan isha'i, inda ake jin wanda ya haihu da wanda ya rasu da farashin taki, ta wuce ka. A hankali mutum yana cikin gari amma ba ya cikin garin.

Sannan ga wani abu da ɗan Legas ba zai gane da sauri ba. A can, abin da mai laftof ke tsoro shi ne ɗan sanda ya tare shi ya ce ɗan yahoo ne, wanda yana cikin abubuwan da suka hura wutar zanga-zangar EndSARS a 2020. A Faskari ko Sabuwa abin tsoro shi ne labari ya fita cewa ɗan gidan wane dala ake biyansa. Kuɗin fansa da abin da ake zaton dangi za su iya haɗawa ake yanke shi, kuma masu kai rahoto a cikin gari suke. Don haka wanda ya samu sai ya ɓoye. Ba ya canza babur, ba ya gyara ƙofar gida. Starlink, intanet ta tauraron ɗan Adam wadda ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 kafin kowace ƙasa a Afirka, ta warware matsalar ƙarfen sabis ga mai iya biyan ɗaruruwan dubbai na kayanta da dubun-dubatar naira duk wata, amma farin faifanta a kan rufi sanarwa ce ga duk mai wucewa. Wannan ɓoyo yana da hasara da ba a lissafawa: yaro ɗan shekara sha huɗu a unguwar ba zai taɓa sanin cewa maƙwabcinsa da wannan sana'a yake ci ba, balle ya yi sha'awarta.

Yaran da suka fi kusa da wannan hanya su ne 'yan makarantun kimiyya, kuma a nan ne aka yi wa yankin babban rauni. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaruruwan ɗalibai daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. An sako 344 bayan kwana shida, gwamnati ta rufe makarantun kwana, iyaye da yawa kuma suka yi wa kansu alkawarin da kowa zai fahimta. Wanda ya tsallake wannan, makarantun gaba ba su yi nisa ba: Jami'ar Tarayya ta Dutsinma da aka kafa a 2011, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Al-Qalam da Kwalejin Hassan Usman a Katsina, ga ABU a Zariya wadda ta fi kusa da mutanen Sabuwa. Sai dai duk wanda ke cikin sana'ar ya san digirin kimiyyar kwamfuta ba shi ke koya wa mutum haɗa manhaja ba. Ana koya ne a gefe, da bidiyon YouTube da data ta tsakar dare da aboki wanda ya riga ka da wata shida. Yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 ya zama wa wasu ajin da suka fi amfana da shi. Cibiyoyi sun taimaka: CoLab a Kaduna, Startup Kano, Blue Sapphire ta Maryam Lawan Gwadabe, da Kirkira a Katsina, wadda mai kafa ta, Naufal Ahmad, Gwamna Dikko Raɗɗa ya ɗora a kan hukumar fasahar sadarwa ta jihar a 2023. Shirin 3MTT na minista Bosun Tijani ma ya zo a ƙarshen shekarar da burin horar da mutum miliyan uku. Duk waɗannan a manyan birane cibiyarsu take.

Yanzu a zo ga lokacin hutu, wanda a ganina shi ne zuciyar maganar.

Sana'ar nan tana da wata ɗabi'a da ba kasafai ake samu a wasu ba: da yawa daga masu yin ta, in sun tashi daga aiki, abin da suke hutawa da shi shi ne wani rubutun manhajar, amma nasu na kansu, wanda babu mai ba su umarni a kai. Kada a raina wannan. Linux, wadda yau ke tafiyar da mafi yawan sabobin duniya, kuma a kanta aka gina Android da ke aljihun mai shayi da mai faci, ɗalibi ne a Helsinki ya fara ta a 1991, kuma da kansa ya gabatar da ita a matsayin abin sha'awa kawai. Python, harshen da ake fara koya wa yawancin masu koyo a yau, Guido van Rossum ya fara shi ne a hutun Kirsimetin 1989 don ya sami abin yi. A aikin kuɗi mutum yana yin abin da ya riga ya iya, domin shi aka ɗauke shi ya yi. A aikin sha'awa ne yake taɓa abin da bai iya ba, ya ɓata, ya gyara, babu mai yi masa tsawa. Masu ɗaukar ma'aikata sun san haka, shi ya sa sukan leƙa shafin mutum na GitHub, inda masu sana'ar ke baje rubutunsu, kafin su dubi takardunsa.

A ƙasar Hausa kuma abin ya wuce nan. Aikin kuɗi na mai kuɗin ne: kamfanin inshora a Jamus, shagon tufafi a Ingila, banki a Legas. Babu ɗayansu da zai biya ka don ka koya wa kwamfuta Hausa. Abubuwan da aka samu a wannan fanni, kaso mai yawa daga hannun masu sa kai suka fito: masu rubuta Wikipedia ta Hausa, masu ba da muryarsu ga Common Voice na Mozilla, ƙungiyar Masakhane da ta haɗa masu binciken harsunan Afirka tun 2019, da HausaNLP ta su Shamsuddeen Hassan Muhammad da Idris Abdulmumin da Ibrahim Said Ahmad, waɗanda suka tattara suka tantance dubban saƙonnin Twitter don na'ura ta iya bambanta yabo da zagi a harshenmu. Har yau akwai manhajojin da in ka nemi kalma mai ƙ ko ɗ ko ɓ ba za su samo ta ba in an rubuta ta babu lanƙwasa. Gyaran ba wuya gare shi ba. Sai dai wanda abin bai taɓa ba shi haushi ba, ba zai san akwai shi ba.

A yi tunanin abin da ɗan Faskari zai rubuta in ya samu Asabar ɗinsa. Yankin nan rumbun jihar ne, ƙasar masara da dawa da waken suya da auduga, tun zamanin gonar irin auduga ta Daudawa da shirin bunƙasa noma na Funtuwa na shekarun 1970. Dillalin hatsi a kasuwar Ɗandume da tiya da buhu yake lissafi, da la'ada, da bashin da za a biya kasuwa mai zuwa. Manhajar lissafin da aka rubuta a Kalifoniya ba ta san ko ɗaya ba, kuma tana ɗauka kowa yana da adireshi mai lambar gida da imel. Uwar adashi tana riƙe da kuɗin mata talatin a littafi ɗaya da ruwa zai iya jiƙawa. Malamin da ake kira rabon gado yana buƙatar abin da zai duba lissafinsa da shi bisa mazhabar Malikiyya. Mafi yawan mutanen nan da saƙon murya suke amfani a WhatsApp, ba da rubutu ba, don haka manhajar da za ta karɓu sai ta yi magana. Sama da duka, sai ta iya aiki babu sabis, ta ajiye komai a waya, ta tura in ta samu hanya. Wannan fanni ne mai wuya a sana'ar, domin in mutum biyu suka canza abu ɗaya kowa a wayarsa, sai an san na wa za a ɗauka ranar da wayoyin suka haɗu. Injiniyan da bai taɓa rasa intanet na awa ɗaya ba yana koyon wannan ne daga littafi. Wanda ya yi wata uku babu sabis ya san shi a jikinsa, kuma wannan ilimi ne da ake saye da tsada.

Matsalar ita ce irin wannan aiki ba ya kawo kuɗi a shekarar farko, wani ma har abada. Da rarar lokaci da rarar wuta da rarar data ake yin sa, kuma rara ita ce abin da ya fara ƙarewa. In batir awa huɗu zai yi, na kwastoma ne. In data ta kusa ƙarewa, ta taron gobe ce. In an samu Asabar, akwai ta'aziyya a ƙauye, ko karo-karon kuɗin fansar wani ɗan uwa, ko dangin da suka gudo daga ƙauye suka sauka a gidan. Mutum zai ci gaba da cika aikinsa, ana biyansa, amma ya daina girma, kuma abin da zai yi wa garinsu yana nan a babban fayil da bai buɗe ba tun bara.

Ba kowa ne ke hutawa da kwamfuta ba, kuma ba na son a ɗauka wanda ya rufe ta ƙarfe biyar ragon ma'aikaci ne. Wannan ra'ayi ya cuci mutane da yawa a sana'ar, musamman mata, waɗanda aikin gida ke jiransu a daidai lokacin da namiji ke buɗe aikinsa na sha'awa, sannan a zo ɗaukar aiki a ce shafinta babu komai. Jikin da ya yini a kujera yana da haƙƙi: ciwon baya da na wuya da yajin ido su ne cututtukan sana'ar. Akwai mai buga ƙwallon yamma, akwai wanda ba ya wasa da gidan kallo ranar da Barcelona ko Chelsea ke wasa, akwai mai kiwon tantabaru ko tumaki, akwai mai zuwa ɗaukar karatu a zaure tsakanin magariba da isha'i. Sau da yawa a can ne amsar matsalar da ta gagara tun safe take faɗo wa mutum. Babban abin sha'awar ɗan wannan yanki kuwa, ko likita ne ko lauya, gona ce. Da ya samu kuɗi taki zai fara tambaya. Yau gonar da ta yi nisa da gari ta zama abin shawara da iyali, wani wurin ma sai an biya waɗanda suka hana noman kafin a shuka ko a girbe. Har hutun da ba na kwamfuta ba an taɓa shi.

Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara wa lamarin wani nauyi. Tun fitowar ChatGPT a Nuwamban 2022, da kayan aiki irin su GitHub Copilot, ƙananan ayyukan da ake ba sabon shiga ya koyi hannu da su, na'ura tana yin su cikin daƙiƙu. Tun kafin nan ma ƙofar ta fara ƙunci: a 2019 Andela ta sallami ƙananan injiniyoyi kusan 400 ta ce ƙwararru kasuwa ke nema. Ga mai koyo a Sabuwa, wannan fasaha malami ce da ba ta gajiya da tambaya, kuma ta rage masa shingen Turanci. Amma ba ta aiki sai da intanet mai ƙarfi, mai kyaunta kuma da dala ake biya duk wata. Abin da ya rage wa ɗan Adam a sana'ar shi ne sanin wace matsala ce ta cancanci a warware, da gane lokacin da na'ura ta yi ƙarya cikin ƙarfin hali. Na biyun sai wanda ya daɗe yana ɓatawa yana gyarawa da hannunsa.

Gwamnatoci sun fi son horarwa, domin horarwa tana da hoto da takardar shaida da adadin da za a faɗa a jawabi. Ba na ƙin ta. Amma wanda aka horar wata uku aka sallama ya koma ɗakin da babu wuta, bayan shekara sai ya sake koyo. Abin da yankin ya fi buƙata ƙarami ne kuma ba shi da kwarjini: ɗaki mai sola da batir, da hanyar intanet biyu, ɗaya ta tauraron ɗan Adam, da mai gadi, a garin da mutanen ƙananan hukumomin nan suka riga suka saba zuwa. Funtuwa ce ta Faskari da Sabuwa, Malumfashi ta Ƙanƙara. A bar shi a buɗe da dare da ranakun Asabar da Lahadi, a ware wa mata sa'o'insu da rana, kuma kada a tambayi mai shiga wane kamfani yake yi wa aiki. Ƙananan hukumomin da kansu suna da rajistar kasuwa da ta asibiti da ta makarantun firamare da har yanzu a takarda suke. In aka yanka wannan aiki ƙanana aka ba 'yan yankin, aka biya su a kan lokaci, an samar musu kwastoman farko da ba zai ce sai bayan girbi ba.